Yatsun da Na Bari a Kartum

Hannuna na dama ba shi da manuniya, ba shi da yatsan tsakiya. Da hagu nake wannan rubutu, shi ya sa layin yake karkacewa. Tun da na dawo ƙasar Gumel, duk wanda ya ga hannun nan kalma ɗaya ce take zuwa bakinsa, ko ya faɗa ko ya haɗiye: kuturta. Saboda wannan kalma aka so a raba ni da 'yata, ita kaɗai Allah ya ba ni. Ba kuturta ba ce. Abin da ya same ni ba shi da suna a Hausa, sai 'yan sunayen da ma'aikatan wani ɗaki a Kartum suka raɗa masa, kuma su zan faɗa yadda na ji su.

Sunana Hansatu, mutuniyar Ɗanzomo. Mahaifina malami ne, bai ware ni daga 'yan'uwana maza ba wajen karatu. Na sauke, na shiga littattafai, har Larabci ya ɗan zauna mini a baki. Aka aurar da ni Gagarawa ga wani ɗalibinsa, mutum mai sanyin magana. Da aka yaye 'yarmu Uwani, sai mijin nawa, Malam, ya ɗaura niyyar gabas, ya ce za mu riƙa aiki muna gaba har Allah ya kai mu Makka. Muka bar yarinyar a hannun yayansa, Malam Babba. Labarin rabuwar ba zan iya ba da shi ba.

Daga Barno zuwa Fallomi muna cikin ayari, ba mu san wuya ba sai ta ƙafa. A Wadai aka fara koya mana zaman duniya. Wani mutum ya tare mu a bakin kasuwar Abeshe da Hausa tas, ya ce shi ɗan Garki ne, ya san Gumel, har ya tambaye mu ko rijiyar nan ta bakin ƙofa tana nan da ruwanta. Malam ya riƙe hannunsa kamar ya ga ɗan'uwa. Mutumin ya ce mu zauna a inuwa, bari ya kai mana jakinmu ya sha ruwa. Muka zauna har inuwar ta bar mu. Daga ranar Malam ne yake ɗaukar buhun littattafansa a ka, ni ina ɗauke da tukunya da tabarma, kuma a wannan tsakanin tari ya kama shi.

Mun yi damina a ƙasar Fur muna noma a gonar mutane. A kusa da Fashir ƙaya ta shige mini dunduniya ta karye a ciki. Wata tsohuwa mai kiwon awaki, ba na jin yarenta ba ta jin nawa, ta ɗora ƙafata a cinyarta ta cire ƙayar da tsinke, ta tofa mini addu'a, ta ba ni madara a ƙoƙo. Da za mu tafi ta nuna ƙirjin Malam, ta girgiza kai. Na yi kamar ban gani ba.

A Lubayyid muka shiga jirgin ƙasa, shi ne ganina na farko da shi. Malam ya kwanta a kan buhunan ƙaro yana tari, ƙyallen da yake sa wa baki yana ɓoye mini shi a aljihu.

A Kartum akwai unguwar mutanenmu, can bayan gari. Larabawa duk Fallata suke ce mana, ko Bahaushe ko Babarbare. Wadda ta sauke mu ana ce mata Inna Tabawa, Bahaɗejiya ce. Tana amarya ta baro gida za ta Makka, ga shi kanta ya yi fari fat, amma in ka tambaye ta sai ta ce, "Ai muna kan hanya." Ranar da muka sauka ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka, da daddawar da ta ɓoye a ƙasan tukunya. Na kai loma ɗaya baki sai ga tsakar gidanmu na Ɗanzomo a idona. Hawaye ya zubo mini. Ta ce, "Ci, 'yar nan. Kowa ya yi wannan kukan a kan akushin nan, ba ke kika fara ba."

Ita ce ta matsa a kai Malam asibitin gwamnati. Likitan, wani Bature dogo, ya ƙwanƙwasa masa baya ya saurara, sannan ya ce a kai shi ɗakin ashi'a, a ga cikin ƙirjinsa. Da yake Malam ba ya iya tsayuwa shi kaɗai, aka ce in shiga in riƙe shi.

Da rana tsaka ne, amma da aka rufe ƙofa ko tafin hannuna ba na gani. Aka bar mu a tsaye cikin duhu wai sai ido ya saba. Sai wani abu ya fara gurnani, yana tartsatsi, wani wari ya tashi irin na inda aradu ta faɗi. Bayan Malam wata ƙatuwar kwalba ta kama haske. A gabansa aka riƙe wani allo, shi ma ya yi kore-kore kamar idon kyanwa. Ba a ce in duba ba. Na duba.

Na ga haƙarƙarin mijina a jere, babu fata babu nama, suna buɗewa suna rufewa. A tsakiya wani baƙin abu kamar dunƙulen hannu yana ta motsi. Can sama ta dama wani hazo ya taru, likitan ya ɗora yatsa a kai ya yi magana a hankali da mai kunna kwalbar. Ga hannun Malam da ɗumi a cikin nawa, ga shi ina jin numfashinsa a kunnena, ga kuma abin da kabari kaɗai ya kamata ya gani a gabana.

Da muka fito ya ce, "Me suka gani?"

Na ce, "Duhu ne, Malam, ban ga komai ba."

Bai kai azumi ba. Abin da yake ba ni tsoro har yau, in na nemi fuskarsa a raina ba ta zuwa. Haƙarƙarin nan ne suke zuwa, suna buɗewa suna rufewa.

Na gama takaba a ɗakin Inna Tabawa, babu abin da nake so sai hanyar gida. Amma hanya sai da guzuri. Ana nan sai ga wani dattijo ya zo nemana, na gane shi, shi ne ya riƙe allon ranar. Sunansa Baba Mato, mutumin Damagaram, ya yi sojan Faransa, yawo ya jefa shi nan. Ya ce ɗakin yana neman mace mai jin Hausa da Larabci, ta riƙa shiga da mata tana riƙe yara. Na ce ba zan sake taka ɗakin nan ba. Inna Tabawa ta ce, "To zauna, mu zama mu biyu a kan hanya." Washegari na je.

Baba Mato ya tare ni a bakin ƙofar. Ya ce, "'Yar Gumel, kin san kushewa?"

"Wa bai san kushewa ba, Baba?"

"To haka muke ce wa ɗakin nan. Bambancinta da waccan, ita wannan ana fitowa a ci abinci." Ya yi dariya shi kaɗai. "Larabawa su ce ashi'a. Faransawa da na yi wa aiki radiyo suke cewa. Shi lokotoro, likitan nan, yana da nasa sunan, kamar mutum zai yi atishawa. Mu dai wutar sanyi muke ce mata, don ba a ganinta, ba a jin zafinta, sai ta gama da kai."

Sai ya zaro hannunsa na hagu daga aljihun riga. Yatsu biyu ne suka rage. Fatar ta yi sulɓi tana ƙyalli kamar jemammiya, babu gashi ko ɗaya, farce babu.

Ya ce, "Ki riƙe kalmomin nan, ba a littafin mahaifinki suke ba. In bayan hannu ya yi ja yana ƙaiƙayi, wannan gaisuwa ce, kwalba ta gaishe ki. In aka janye a nan, an tsira. In fata ta fara ɓarewa, saɓa ke nan, irin ta maciji. In ya ɓurme ya ƙi warkewa, rijiya. Bayan rijiya sai haraji." Ya kaɗa dungulmin. "Ni na biya sau uku. Har yanzu ba su ce na gama ba."

Aikin kansa ba shi da wuya. In kwantar wa mace hankali, in ce mata ba za a taɓa ta ba, in riƙe yaro kada ya motsa. Akwai wata riga mai dalma a ciki, nauyinta kamar an goya ɗan maraƙi, ita nake sawa. Da la'asar wata Baturiya mai jinya tana tara mu, mu 'yan matan asibiti, tana koya mana boko da lissafi, a nan na koyi waɗannan baƙaƙe. A farkon kowane wata kuma likita yana jera mu, mu miƙa hannuwa, ya duba ciki da baya ko kwalba ta gaishe da wani.

Sai dai akwai abin da ake kira ɗanɗano. Ita kwalbar nan halinta ba ɗaya ba ne, kullum da yadda take tashi. Wata rana ta yi taushi, allo ya yi duhu ba a ganin ƙashi. Wata rana ta yi tauri, komai ya yi fari. Don haka kowace safiya kafin a shigo da marar lafiya sai an sa wani abu tsakaninta da allo an gani. A da hannun Baba Mato ake sawa. Da abin ya same shi sai likita ya hana, ya kawo wani ɗan akwati ya ce da shi za a riƙa yi.

Mai kunna kwalbar wani mutum ne mai jar dara, Afandi muke ce masa. Ranar da ya fara miƙo mini akwatin ya ce in buɗe in riƙe abin da yake ciki. Na buɗe. Hannun mutum ne, ƙashi zalla, an ɗaure gaɓoɓin da siririyar waya an kafa shi a jikin katako. Ɗan ƙarami, kamar na mace.

Na ce, "Na wane ne?"

Afandi ya ɗaga kafaɗa. Shi kansa da gefen mayafi yake ɗaukar akwatin.

Na ce a raina, wannan baiwar Allah an yi mata wanka, an yi mata salla, ga hannunta a nan ba a binne ba, ni kuma in riƙa ɗaga shi kullum kamar ludayi. Na rufe akwatin na ce, "Ga nawa." Afandi bai ce a'a ba, hasali ma ya fi masa sauri. Baba Mato a lokacin an mayar da shi wanke farantan hoto a wani ɗaki, ba ya nan da safe. Na ce ai ɗan lokaci ne, kamar ƙiftawar ido, kuma ba na jin komai.

Haka na riƙa gaisawa da ƙasusuwana kowace safiya. Zoben azurfar da Malam ya saya mini a Fashir yana yawo a jikin ƙashi, ba abin da ya riƙe shi. In na lanƙwasa yatsu, su ma su lanƙwasa. Na daina iya kallon mutane yadda ake kallonsu. Mai tallan kisra, wainar dawa ta garin, ta miƙo mini, in ga abin da yake ƙarƙashin fatarta. Liman ya ɗaga hannu, in gani. Yaran unguwa suna tsalle a rairayi, ni ina ganin abin da yake tsallen.

Bayan wasu watanni bayan hannun ya fara zafi, ya yi ja-ja. Da na dawo gida Inna Tabawa ta kama shi ta juya. Ta ce, "Zafin garin nan ne, jininki bai saba ba. Zauna." Ta daka lalle da kanta, ta kwaɓa da lemon tsami, ta ƙunsa mini har wuyan hannu, ta naɗe da ganye da tsumma. Tana yi tana ba ni labarin ƙunshin aurenta a Haɗeja. Tun rasuwar Malam babu wanda ya riƙe hannuna haka. Sanyin lallen ya ratsa ni, zafin ya kwanta, na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Na tuna da maganar gaisuwa, ba zan ce ban tuna ba. Amma zafin ya tafi, kuma a wajenmu abin da lalle ya kwantar ai ya warke. Duk sanda ya dawo sai Inna ta sake ƙunsawa, har hannun ya yi baƙi-baƙi kamar dabino. Farkon wata muka jera, likita ya juya hannuna, bai ga komai ba sai lalle. Ya yi murmushi ya ce da Larabcinsa mai tauri, "Amarya." Ya wuce. Wata na gaba ma haka, da na bayansa.

Baba Mato ne ya gane. Muna cin abinci a gindin bango, na kai hannu zan gutsuri kisra sai farcen manuniyata ya tsage gida biyu, babu ko jini. Ya ajiye lomarsa.

"Miƙo."

Ya murza bayan yatsan da babban yatsansa, fatar ta biyo shi kamar ɓawon dafaffen dankali. A ƙarƙashi wani ɗan rami ne fari, yana ruwa.

"Wa yake ɗanɗano da safe?"

Na janye hannuna.

"Akwatin fa?"

"Baba, hannun mutum ne."

"Naki na jaki ne?" Bai ɗaga murya ba. "Ita mai akwatin ta gama nata, babu abin da wuta za ta ƙara yi mata. Wa ya sa miki lalle?"

"Inna."

"Kada ki gaya mata. Tashi mu je."

Likitan da ya ga ramin ya yi ja har kunne. Ya yi wa Afandi faɗa da Turanci, na ji ƙarar har waje. Aka cire ni daga ɗakin, aka yi ta wanki ana shafa mai ana naɗewa. Rijiya ba ta rufe ba, ta ma haifi ta biyu a yatsan tsakiya. Ciwon kuwa ban san da me zan kwatanta shi ba, kamar an sa garwashi a cikin ƙashi an ɗinke. Ranar da aka shaƙa mini magani aka yanke, da na farka Baba Mato yana zaune a bakin gado. Ya ce, "Sannu, 'yar Gumel. Biyu a tashi ɗaya, ke kam ba kya son bashi." Ya juya fuska bango.

Inna Tabawa ta zo da fura. Na ce mata kwalba ce ta fashe ta yanke ni. Ta ce, "Da na sani da na ƙara miki lalle, ya ƙarfafa fatar." Na ce, "Kin yi iyakar yinki, Inna."

Sallar farko da na yi bayan an kwance, na zo tahiya zan ɗaga manuniya. Na ji na ɗaga ta, har na ji tana motsi. Na duba, babu komai a wajen.

Likita ya sa aka ba ni wuri a jirgi zuwa Lubayyid, daga nan na shiga ayarin alhazai masu komawa. Makka dai ban gan ta ba. A hanya na fara sanin abin da yake jirana. A bakin wata rijiya a Wadai na kai hannu ga guga, matar da take kusa da ni ta janye nata, ta ce wa 'yarta, "Matso nan." Daga ranar aka ware mini ƙoƙo. Bayan Fallomi na bi fataken raƙuma ta arewa, muka shigo ta Maigatari. Na ji ana cinikin tumaki da irin maganar gidanmu, na zauna a gindin wata aduwa na rufe fuska.

Ban fara zuwa Ɗanzomo ba, Gagarawa na nufa. Labarin rasuwar Malam ya riga ni, haka ma labarin hannun, wani alhaji ya kai. Malam Babba ya karɓe ni a zaure. Aka shimfiɗa mini tabarma can gefe. Muka yi gaisuwa, muka yi ta'aziyya, ya tambayi inda aka binne ƙanensa. Sai na hango wata yarinya a ƙofar tsakar gida, doguwa, da tulu a ka, tana leƙe. Goshin mahaifinta ne sak. Na yunƙura.

Ya ce, "Zauna tukuna, Hansatu."

"Yaya, ba abin da ake faɗa ba ne."

"To mene ne?"

Na buɗe baki. Na ce akwai wata kwalba, tana da wuta, amma ba a ganin wutar, ba ta da zafi. Ana ganin ƙashin mutum yana raye. Na ji maganar da kunnena, na ga yadda mutanen zauren suke kallon juna. Wani tsoho ya ce a hankali, "Allah ya sawwaƙe, har da taɓin hankali."

Malam Babba ba mugu ba ne. Ya ce, "Ƙanena amana ya bar mini. In na ba ki ita, abin nan ya kama ta, me zan ce masa gobe? Ni ban san ciwon nan ba, ke ma ba ki da shaida. Amma akwai wanda ya sani. Mu je Gumel wajen Sarkin Kutare. In ya ce tasu ce, ki haƙura, ki riƙa ganinta daga nesa. In ya ce ba tasu ba ce, ki ɗauki 'yarki."

Muka tafi ranar kasuwa, shi a kan jaki, ni a baya. Gidan yana gefen gari. Sarkin Kutare tsoho ne mai faɗin ƙirji, da rawani, hancinsa ya zauna, hannuwansa duka dungulmi. Jama'arsa suna zaune kewaye da shi. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe." Malam Babba ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi bayani.

Sarkin ya ce, "Malam, shigo mana, ba ma cizo. Da me za mu riƙe ka ma?" Jama'arsa suka yi dariya. Malam Babba ya matso taku ɗaya.

Sarkin ya sa matarsa ta shiga da ni ɗaki, ta duba bayana da cinyoyina ko akwai tabo mai haske. Ta fito ta ce babu. Ya duba girata, ya duba fatar kunnena. Sannan ya ce a ɗaure mini ido da ɗankwali. Duhun nan da ya rufe ni, sai na ji kamar gurnanin kwalba zai tashi.

Ya ce, "Kada ki ji tsoro, 'yata. In kin ji an taɓa ki, ki faɗi wajen."

Aka shafa mini wani abu kamar gashin kaza. Na ce, "Wuyan hannu." Aka sake. "Ƙaramin yatsa." Sai matar ta ɗora tsinin ƙaya a kan tabon, ko dannawa ba ta yi ba. Na yi ƙara na fizge hannun, hawaye ya jiƙa ɗankwalin.

Sarkin ya ce, "A kwance mata." Ya juya wajen Malam Babba. "Ka ji wannan ihun? Ni da zan same shi da na ba da rawanin nan. Mu namu ba ya ciwo. Wuta takan ci ƙafata ina hira, sai wari ya gaya mini. Kuma dubi nan, wuƙa ce ta yanke, ga sawun ɗinki. Namu ba a yanka, shi yake tafiya da kansa. Wannan ba tamu ba ce."

Malam Babba ya ce, "To mene ne, ranka ya daɗe?"

"Oho. Ni sarkin kutare ne, ba sarkin duk wata masifa ba. Ka ba ta 'yarta."

Malam Babba ya ce ya ji, kuma bai saɓa ba. Ya fita kwance jaki. Na durƙusa zan yi godiya, sai tsohon ya ce in matso. Ya sa dungulminsa ya ɗago hannuna wajen haske, ya daɗe yana kallon gindin yatsan da yake bin waɗanda aka yanke, inda fatar ta fara ƙyalli.

Ya yi ƙasa da murya. "Na faɗi gaskiya, ba tamu ba ce, kuma ban ga alamar tana bin mutane ba. Amma na daɗe ina kallon nama yana mutuwa. Wannan bai gama ba. Kin sani?"

Na ce, "Na sani."

"Shekarar yarinyar nawa?"

"Ta fara famfara."

"To duk abin da uwa take koya wa 'ya da hannu, kada ki jira ta girma."

Yanzu muna Ɗanzomo, a ɗakin mahaifiyata. Yarinyar ba ta saba ba tukuna, Hansatu take ce mini kamar yadda ta ji ana faɗa. Na koya mata ɗaurin zani da tankaɗe, ta iya kaɗi kaɗan-kaɗan, zaren yana tsinkewa tana ƙullawa. Maƙwabta suna cewa ina gallaza wa yarinya, wai me ake ci da sauri haka. Ni dai ina ci gaba da koya mata.

Jiya da hantsi na zauna a ƙasa na kwance kaina, na ce ta hau turmi ta yi mini kitso. Ta ja, ta cakuɗa, ta ce gashin ya yi mata yawa.

"Ke ki yi mini nawa mana, Hansatu. Kowa uwarsa ce take yi masa."

Na ce, "Zan yi miki. Raba shi uku tukuna, ki ɗora na dama a kan na tsakiya."

"Na ɗora."

"To sake."